Mawaƙi mai zaman kansa: fashin baƙi a kan tarihin ƙungiyar The Ex da abin da ya shafi matasanmu

Tun da labari ya bazu a farkon 2024 cewa kamfanin Universal ya sayi kaso mafi tsoka na Mavin, kamfanin faifan da Don Jazzy ya kafa a Legas, wata muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin matasan da ke harkar waƙa a Bauchi da Gombe. Shin mawaƙin da babu wani babban kamfani a bayansa yana da makoma, ko kuwa jiran gawon shanu yake yi har Allah Ya kawo mai ɗaukarsa? Na ji wannan magana da kunnena a wani ɗan situdiyo da ke bayan kasuwar Wunti, ranar da na raka ɗan yayata ya ɗauki murya. An ɗauke wuta, an aiki yaro sayo fetur a galan, sai hira ta ɓarke a kan benci. Wani matashi mai haɗa kiɗa ya dube ni ya ce, "Kawu, duk wanda ka ji yana cewa shi mai zaman kansa ne, to ba a neme shi ba ne." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na san wata ƙungiyar makaɗan rok na gwaji a ƙasar Holan da ta haura shekara 45 tana aiki, ta zaga Turai da Amurka da Afirka, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai ba. Sunanta The Ex, kuma tarihinta ya fi duk wata doguwar lacca fayyace abin da zaman kai yake nufi a wannan sana'a.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Kiɗan rok salo ne da ya taso a Amurka a shekarun 1950, ya yi ƙarfi a Ingila, kuma ƙashin bayansa jita mai amfani da lantarki, da jita mai kaurin amo, da jerin ganguna da mutum ɗaya yake kaɗawa a zaune. A tsakiyar shekarun 1970 wani reshe nasa ya ɓullo da ake kira pank, wanda matasan da suka gaji da tsadar kiɗa da girman kan taurari suka ƙirƙiro. Waƙoƙinsu gajeru ne, masu sauri da kaushi, kuma aƙidarsu ita ce ba sai ka yi shekara goma kana koyo ba kafin ka hau dandali.

Idan aka ce rok na gwaji, ana nufin kiɗan da masu shi ba su yarda su tsaya a kan tsarin da kunne ya saba da shi ba, wato baiti, amshi, baiti, amshi. Suna iya sauya ɗaurin tsirkiyar jita, su goge ta da ƙarfe, su shigo da ƙarar injin, ko su hau dandali ba tare da sun shirya abin da za su kaɗa ba, kowa yana sauraron ɗan'uwansa yana ba shi amsa nan take. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban masu kalangu a wurin biki ya ga yadda babban makaɗi yake jefa zance da ganga, 'yan amshi suna cafewa, ba tare da an rubuta komai ba.

Kalma ta uku, wato mai zaman kansa, ita ce ta fi jawo ruɗani. A kasuwar waƙa ta duniya kamfanoni uku ne suka mamaye mafi yawan ciniki: Universal da Sony da Warner. Mai zaman kansa shi ne wanda yake fitar da aikinsa ba ta hannunsu ba, ko dai da kansa ko ta wani ƙaramin kamfani. To amma a nan akwai mataki-mataki. Wani yana zaman kansa ne saboda bai samu shiga ba, kuma da an yafito shi da hannu zai ruga. Wani kuma ya zaɓi hakan ne da gangan, ya gina tsarin da zai riƙe shi, ya mallaki ainihin naɗin waƙoƙinsa, abin da 'yan situdiyo suke kira masta, ya kuma riƙe ikon cewa a'a. Matashin nan na Wunti ya san kashi na farko ne kawai. The Ex tana cikin na biyu.

Kangon gidaje da jefa ƙuri'a

An kafa ƙungiyar a 1979, a tsakanin garin Wormer da birnin Amstadam. A lokacin ƙasar Holan tana fama da ƙarancin muhalli, ga kuma gidaje birjik a rufe, masu su suna jiran farashi ya tashi. Sai matasa suka riƙa fasa ƙofofin irin waɗannan gidaje suna tarewa a ciki. Doka ma ta ɗan ba su kafa, domin wani hukunci da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 1971 ya nuna cewa wanda ya riga ya zauna a gida yana da haƙƙin kada a kutsa masa sai da izinin shari'a, kuma a al'adar masu wannan fafutika tebur da kujera da gado su ne shaidar cewa mutum ya tare. Rikicin ya kai intaha a ranar 30 ga Afrilu 1980, ranar naɗin Sarauniya Beatrix, lokacin da aka yi arangama da 'yan sanda a titunan Amstadam, masu zanga-zanga suna cewa idan babu gida babu naɗi. A cikin wannan yanayi ƙungiyar ta taso, kuma 'ya'yanta da kansu mazauna irin waɗannan gidaje ne.

Abu biyu ake yawan ba da labari game da farkonsu. Na ɗaya, sun zaɓi sunan ne saboda gajere ne, ana iya fesa shi a bango cikin ƙiftawar ido a gudu. Na biyu, da yake babu wanda ya iya wani abin kiɗa a cikinsu, ƙuri'a suka jefa don a san wanda zai riƙe me. Terrie Hessels ya tashi da jita, kuma har yau shi kaɗai ne ya rage daga waɗanda suka kafa ƙungiyar. G.W. Sok ya zama mai rera waƙa da rubuta baitoci. Faifansu na farko mai cikakken tsawo ya fito a 1980.

Ya kamata a lura da abin da waɗannan gidaje suka ba su, domin a nan ne asirin yake. Babu kuɗin haya, ko kuma kaɗan ne. Akwai ɗakin atisaye kyauta. A cikin wannan da'ira akwai masu injin buga takardu, da masu mota, da masu ɗakin taro, da ƙananan gidajen rediyo marasa lasisi, kuma irin wannan da'ira tana da 'yan'uwa a Jamus da Suwizalan da Ingila. Ƙungiya za ta iya loda kaya a mota ta yi mako uku tana yawo, tana kwana a gidajen abokai tana cin abincinsu, ta dawo da ɗan canji a aljihu. Wato tun daga ranar farko ba su kasance su kaɗai ba. Abin da suka rasa na jarin kamfani sun same shi a wurin jama'a, kamar yadda manomin da ba shi da kuɗin 'yan ƙodago yake kiran gayya.

Yadda hayaniya ta zama gwaji

Ƙungiyoyin pank da aka kafa a wancan zamani dubbai ne, kuma mafi yawansu ba su wuce shekara uku ko huɗu ba, domin salon yana da ƙunci, idan ka yi waƙa talatin ka ƙure shi. Abin da ya raba The Ex da sauran shi ne sun ɗauki rashin iyawarsu a matsayin ƙofa. Tun da ba su koyi yadda ake kaɗa jita a makaranta ba, sai suka ƙirƙiri nasu hannun. Terrie ya shahara da dukan tsirkiya da gogarta da abubuwa irin su sukudireba, yana fitar da amon da ya fi kama da na maƙera fiye da na jita.

A 1983 suka fitar da wani akwati mai ƙananan faifai huɗu a kan rushewar masana'antar takarda ta Van Gelder da ke Wormer, wadda ta daɗe tana ciyar da garin kafin ta durƙushe, tare da hotuna da bayanin yadda abin ya faru. Duk wanda ya bi ta Kakuri a Kaduna ya ga masaƙun da ciyawa ta cinye, ko ya san labarin masana'antun Bauchi da Gombe da suka koma kufai, zai gane abin da ya motsa su. A 1986, shekara 50 da fara yaƙin basasar Sifaniya, suka fitar da ƙananan faifai biyu haɗe da littafin hotunan juyin juya halin 1936, waɗanda suka samo daga taskar ƙungiyar ƙwadago ta CNT. Babu wani babban kamfani da zai zuba kuɗinsa a irin wannan aiki, kuma ba don mugunta ba, lissafin kasuwa ne ba zai fita ba. Su kuwa da ba su da mai tambayarsu lissafi sai junansu, suka yi abinsu.

Mutum biyu da suka shigo daga baya sun sauya amon ƙungiyar ƙwarai. Katherina Bornefeld, haifaffiyar Jamus, ta karɓi ganguna a 1984. Salonta ya bambanta da dukan kai-tsaye na masu rok, tana jujjuya kiɗa tana haɗa shi da ƙararrawa, ta yadda mai sauraro daga nahiyarmu zai ji kamar ya san wannan tafiya. Andy Moor, wanda ya fito daga wata ƙungiya ta Sikotilan, ya shigo da jita ta biyu a wajajen 1990. Daga nan suka ƙara buɗe ƙofa ga baƙi. Sun yi aiki da Han Bennink, gogaggen makaɗin salon jaz na Holan, da wasu 'yan ƙungiyar Sonic Youth ta Amurka. A 1991 da 1993 suka yi faifai biyu da Tom Cora, Ba'amurke mai kaɗa celo, wato wani babban goge da ake jinginawa a ƙasa, kuma a nan ne suka fara cusa waƙoƙin gargajiya na Hangari da Turkiyya a cikin kiɗansu. Tom Cora ya rasu a 1998. A wannan shekarar suka je Shikago suka yi naɗi a wurin Steve Albini, injiniyan sauti da ya yi suna wajen ƙin karɓar kaso daga cinikin faifan da ya naɗa, yana cewa a biya shi ladan aikinsa kamar mai gyaran famfo a wuce wurin. Faifan ya fito ta Touch and Go, ƙaramin kamfanin da aka san shi da raba riba biyu da mawaƙa a kan amana.

Hanyar Habasha

Wannan shi ne ɓangaren tarihinsu da ya fi kusa da mu. A 2002 ƙungiyar ta je Habasha tare da Han Bennink, suka yi wasanni a garuruwa, wasu a fili, a gaban mutanen da ba su taɓa jin irin wannan kiɗa ba. Sun kamu da son kiɗan ƙasar, musamman na wani dattijo mai busa saksofon, Getatchew Mekuria, wanda aka haifa a 1935. Abin da ya sa dattijon ya yi fice shi ne ya ɗauki shellela, wato kirarin da mayaƙan Habasha suke yi kafin su fita fagen daga, ya mayar da shi busa. Yakan fito da rawani mai kama da gezar zaki. Mai karatu ya kwatanta a ransa a ɗauki kirarin mafarauta irin wanda ake ji a ƙauyukanmu bayan kaka, da hawansa da saukarsa da kakkarwar muryarsa, a zuba shi a cikin algaita ta Turawa.

A 2004 suka gayyace shi bikin cikarsu shekara 25 a Amstadam. Bayan wasan, shi dattijon ne da kansa ya nemi a yi faifai tare, kuma faifan ya fito a 2006, aka sake yin wani a 2012. Sun zaga Turai da Amurka da Habasha da shi, mutumin da ya haura shekara 70 yana tsaye a gaban jitoci masu ƙara kamar injin niƙa, kuma busarsa ce take jan ragama. Ya rasu a 2016.

Ba shi kaɗai ba ne. Terrie yana da ƙaramin kamfanin faifai mai suna Terp, wanda ya fitar da ayyukan makaɗan Habasha da Eritiriya da Mali, da kuma na Konono No. 1, ƙungiyar Kinshasa da take haɗa na'urorin ƙara sautinta da tarkacen mota. Sun kuma riƙa kai masu gyaran kayan busa Addis Ababa don a farfaɗo da tsofaffin saksofon da suka lalace. Da G.W. Sok ya bar ƙungiyar a ƙarshen 2008 bayan kusan shekara 30, mutane da yawa sun ɗauka ta mutu ke nan, domin muryarsa ce tambarinta. Sai Arnold de Boer ya maye gurbinsa a 2009, kuma shi ma yana da tasa alaƙar da Afirka ta Yamma, domin ya daɗe yana aiki da King Ayisoba na arewacin Gana, mai kaɗa kologo, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu da duk wanda ya san gurmi zai ce ɗan'uwansa ne. A yau su huɗu ne, jita uku da ganguna, sun fitar da faifai a 2010 da 2018, suka kuma fitar da sabo a 2025.

Ina kuɗin suke fitowa?

Tambayar da matasan Wunti za su fara yi ke nan, kuma suna da gaskiya. Don a fahimci amsar sai an san yadda yarjejeniyar babban kamfani take aiki. Kamfani yana ba mawaƙi kuɗi a gaba, wanda jama'a suke ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne da za a cire daga kason mawaƙin. Kuɗin situdiyo da na bidiyo da wani ɓangare na talla sukan hau kan wannan bashi. Kason mawaƙi daga ciniki ƙarami ne idan aka kwatanta da na kamfani, kuma daga wannan ƙaramin kaso ake biyan bashin, saboda haka waƙa tana iya karaɗe gari mai ita bai ga sisi ba. A ƙarshe kuma masta takan zama mallakin kamfani. Steve Albini ya rubuta wata maƙala a 1993 da ya baje wannan lissafi dalla-dalla, har yau ana kafa hujja da ita.

The Ex ta bi ta wata hanya. Suna fitar da mafi yawan faifansu ta kamfaninsu, Ex Records. Su suke ɗaukar kayansu, su suke tsayawa a bayan tebur bayan an tashi wasa suna sayar da faifai da riguna hannu da hannu. Ba su da tawagar masu rakiya da za a ciyar. Ɗakunan da suke wasa na mutum ɗari biyu ne zuwa 'yan ɗaruruwa, ba filin ƙwallo ba, amma suna komawa garuruwan nan shekara bayan shekara, kuma wanda ya zo yana saurayi yanzu yana zuwa da 'ya'yansa. Faifan da ya sayar da 'yan dubbai asara ne a wurin Universal. A wurin mutum huɗu da suka biya kuɗin naɗinsa da kansu, kuma babu mai raba ribar da su, abinci ne. Babu ɗayansu da ya yi kuɗin da za a yi labari, wannan kam gaskiya ne, sai dai sun ɗore a sana'arsu fiye da shekara 40, abin da taurari da yawa da suka fi su suna ba su samu ba.

Abin da masu suka suke cewa

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma rashin adalci ne a share su. Ta farko ita ce Holan ba Najeriya ba ce. Ƙasa ce mai tallafin marasa aiki, da inshorar lafiya, da asusun gwamnati na tallafa wa fasaha, da ɗakunan wasa a kusan kowane gari. Matashin da ya san ko ya faɗi akwai abin da zai tare shi ya fi ƙarfin halin yin gwaji. Ko a can ɗin ma zamani ya sauya, domin tun Oktoba 2010 doka ta haramta tarewa a kangon gidaje, wato tsanin da The Ex ta taka ta hau an janye shi. Ga kuma fasfo. Baturen Holan yana ɗaukar jitarsa ya tsallaka ƙasa goma babu mai tambayarsa, shi kuwa makaɗin Gombe zai yi wata uku yana neman biza a hana shi.

Ta biyu ta shafi alaƙarsu da makaɗan Afirka. An sha ganin Turawa sun zo sun kwashi kiɗanmu sun yi suna da shi, masu abin suna nan a inda aka bar su. A ganina wannan zargi bai kama The Ex sosai ba, saboda sunan Getatchew ne a gaba a kan faifan, shi ya nemi a yi aikin, kuma sun yi ta komawa Habasha shekara da shekaru. Duk da haka, wanda yake da kamfani da fasfo da hanyar kasuwa ya fi ƙarfi a kowace irin haɗaka, ko da zuciyarsa fara ce.

Ta uku ita ce wadda na fi jin nauyinta. Babban kamfani yana da amfaninsa. Shi yake da kuɗin da zai kai waƙa gidajen rediyon duniya, kuma bunƙasar da waƙoƙin Legas suka yi a ƙasashen waje ba ta rasa nasaba da shigowar waɗannan kamfanoni, kamar yadda Warner ya ƙulla da kamfanin faifan Najeriya Chocolate City a 2019. Wanda burinsa ya cika filin wasa a Landan, hanyar The Ex ba za ta kai shi ba. Kuma a faɗi gaskiya, kiɗansu ba na kowa ba ne. Na kunna wa wani abokina, bai yi minti biyu ba ya ce in kashe, wai kamar ana walda a cikin kunnensa.

Ina mawaƙin Bauchi da Gombe ya tsaya?

Mu a nan ba mu da manyan kamfanonin faifai, amma muna da abin da ya yi kama da su, wato ubangida. Tsarin tsoho ne. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun rayu a inuwar sarakuna, yayin da irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suka fi sakewa, suna yi wa wanda suka ga dama waƙa. A yau ubangidan ya zama ɗan siyasa ko furodusan fim a Kano. Matashi yana samun kuɗin situdiyo da babur, wani lokaci har mota, amma bakinsa ya ɗauru, kuma idan zaɓe ya wuce ko ubangida ya faɗi, waƙoƙin sun zama tsohon yayi. Kuɗin gaba na kamfani da kyautar ubangida duk abu ɗaya suke saye.

Intanet ta buɗe wata ƙofa, amma ba ta kai faɗin da ake zato ba. Kowa yana iya ɗora waƙa a Audiomack ko YouTube ko TikTok. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, sai dai daga 2024 ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a shekara ba, kuma abin da yake biya a kan sauraro daga Najeriya ya yi ƙasa da na Turai nesa ba kusa ba. Mafi yawan masu sauraronmu kuma har yanzu a wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa suke cika memori, inda mawaƙi ba ya samun ko kwabo. Amma wannan hanya ma ta taɓa fitar da mutum. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel har suka faɗa hannun wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfani da ake kira Sahel Sounds, kuma daga baya Mdou ya koma ƙarƙashin kamfanin faifai na Matador yana zaga duniya. Daga Sakkwato aka fara, ba daga Legas ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu. Bauchi jiha ce mai bin shari'ar Musulunci, malamai suna da saɓani a kan kiɗa, kuma iyaye da yawa ba sa son a ce ɗansu makaɗi ne. Wuraren da matashi zai hau dandali ya yi wasa kai-tsaye kaɗan ne, in ban da biki da taron siyasa da bukukuwan ɗalibai a jami'ar ATBU ko jami'ar jihar Gombe. Wannan giɓi ya fi rashin kamfani illa, domin The Ex a kan dandali ta koyi kiɗa kuma a kan dandali take cin abinci. Situdiyonmu sun cika da kwamfuta da piyano, yaro ɗaya yana haɗa dukkan kiɗan da yatsa, yayin da masu garaya da kalangu da goge suke ƙauye babu mai gayyatarsu. Jihohin nan biyu suna da Fulani da Tangale da Tera da Waja da Jarawa da Sayawa da Bolawa, kowa da nasa kiɗan. Mutanen Holan sun yi tafiyar dubban kilomita don neman irin abin da yake tsakanin Kaltungo da Dass.

Ta fuskar doka, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mai fasaha kariya har a kan intanet, amma doka ba ta aiki sai da shaida. Wa ya rubuta baitocin, wa ya haɗa kiɗan, wa ya biya kuɗin situdiyo, kuma a hannun wa masta take? A mafi yawan situdiyonmu babu takarda ko ɗaya da take amsa waɗannan tambayoyi. Ɗan yayan nawa ya koyi wannan da tsada. Waƙoƙi bakwai ya naɗa a wani situdiyo a bara, da kuɗin da ya tara daga gyaran waya, kuma abin da aka ba shi kawai shi ne kwafin da aka tura masa ta WhatsApp. Da wani mai shirya fim ya nemi ɗaya daga ciki, ya ce a kawo masa murya daban kiɗa daban, sai yaron ya koma situdiyon. Mai wurin ya ce, "Ƙanina, ai kwamfutar ta samu matsala tun azumi, an goge komai." Yanzu duk ranar da zai shiga naɗi yana tafe da filas a aljihun gaba, kuma ba ya biyan cikon kuɗi sai an zuba masa fayilolin a gabansa.